Ram na hannu, sabo a kwali, ko mai arha mara suna: wanne zaka saka wa tsohuwar kwamfutarka?

Tsohuwar kwamfuta dai da ta fara nauyi abu na farko da kowa zai ce maka shine ka ƙara mata ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da kake yi a lokacin. Kuma yawanci ba ƙarya suka yi ba, sai dai abinda basa faɗa maka shine siyan ram ɗin tsohuwar na'ura yafi na sabuwa rikici nesa ba kusa ba. Sabuwa kana faɗin sunanta za'a miƙo maka wanda ya dace da ita, ita kuwa tsohuwa tsirfa gareta, zaka iya kawo mata ram lafiyayye garau wanda ya shiga gurbinsa ɗaram, ka kunna ta tsaya tana kallonka da baƙin sikirin kamar baku taɓa haɗuwa ba. Ya taɓa faruwa dani, zan zo kan labarin.

Kafin ka taɓa aljihunka ka fara tabbatarwa ram ɗin ne matsalar. Masu neman ram kala biyu ne. Akwai wanda nashi ya mutu ko yana hanya, shine zakaga kwamfuta tana kashe kanta ta sake tashi ba gaira ba dalili, ko ta dinga watso shuɗin sikirin ɗinnan na Windows, ko ka kunna fanka tana juyawa amma ba hoto sai ƙara ɗit ɗit ɗit. In kai ne wannan to ka zare ram ɗin tukun, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da kilinar fensir a hankali, ka hure gurbin, ka mayar ka danna har maƙalan gefe su kama. Ram da yawa da ake yi wa jana'iza ba mutuwa suka yi ba, datti ne ko rashin zama daidai. In guda biyu ne a ciki ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, da wuya ace duka biyun sun mutu rana ɗaya.

Na biyu shine wanda nashi ƙalau yake, kaɗan ne kawai yayi masa. In kai ne wannan ka buɗe Task Manager, manhajar Windows mai nuna abinda ke cin ƙarfin kwamfuta, ka shiga Performance lokacin da kake tsakiyar aikin da ka saba, burauza a buɗe da shafukanta da komai, ba lokacin da ka kunna ta yanzu yanzu ba. In kaga Memory ya cika ya kusa kaiwa maƙura to ram kake buƙata. In kuwa Memory yana wajen rabi amma Disk ya maƙale a 100, malam ba ram bane ciwonka, tsohon hadisk ne mai juyawa yake ja maka, kuɗin nan SSD, ma'ajiyar zamani mai sauri da ke maye gurbin hadisk, ya kamata ka siya dasu. Na sha ganin wanda ya ninka ram ɗinsa yana jiran kwamfuta ta tashi sama, ta cigaba da jan ƙafa yadda take.

To mu ɗauka ram ɗin ne. Akwai abinda baka da zaɓi a kai sam, madabod ɗin, wato babban allon cikin kwamfutar da komai ke haɗe a jikinsa, shine ya riga ya yanke maka, kuma duk yana rubuce a sitikar ram ɗin da ke ciki yanzu. Shi yasa shawarata ta farko kullum itace ka buɗe ka karanta, ko ka ɗau hoton sitikar da waya, yafi ka je kana cewa "ta wajen shekara goma ce, baƙa". Zakaga rubutu kamar haka: 4GB 2Rx8 PC3-10600S. 4GB kasan wannan, girmansa ne. PC3 na nufin DDR3, PC2 DDR2, PC4 DDR4, in kaga PC3L to DDR3L ne kuma wannan L ɗin ba ado bane, zamu dawo kansa. Lambar 10600 gudu ne, ka raba ta gida 8 zata baka wajen 1333, haka 12800 shine 1600, 8500 shine 1066, a DDR2 kuma 5300 shine 667, 6400 shine 800. A DDR4 sun sauƙaƙa, yawanci gudun suke rubutawa kai tsaye kamar PC4-2400T ko PC4-2666V. Harafin ƙarshe a DDR2 da DDR3 shine nau'insa, S gajere na laftof, U dogo na desktof.

Zubi ɗaya, ko DDR2 ko DDR3 ko DDR4, baya shiga gurbin wani. DDR2 da DDR3 na desktof duk haƙora 240 garesu, a ido kamar tagwaye, amma tsagar nan da ke tsakanin haƙoran ba waje ɗaya take ba, da gangan aka yi haka dan wutar da suke ci ta bambanta, DDR2 bolt 1.8, DDR3 1.5, DDR4 kuma 1.2 da haƙora 288. A laftof DDR2 200 ne, DDR3 204, DDR4 260. In ka kara kaga tsagar bata yi daidai da tudun gurbin ba to ka tsaya, ba ƙarfi yake so ba, garin neman gira zaka rasa ido. In kuma baka son kwance na'urar, manhajar CPU-Z kyauta ce, shafinta na SPD zai karanto maka duk wannan bayanin gurbi gurbi, masu Linux a maimakon Windows kuma su rubuta umarnin dmidecode -t memory.

Inda zaɓi yake shine wajen wa zaka siya kuma wane iri, kuma hanyoyin uku ne.

Na hannu, wato wanda aka zaro daga wata kwamfutar. Ni gaskiya a tsohuwar na'ura nan nake fara dubawa, kuma ba dan arha kaɗai ba. Ram ba batir bane da zai dinga raguwa kullum, ba kuma hadisk bane mai abin juyawa a ciki da zai cinye, in ya wuce shekarunsa na farko lafiya to yawanci haka zai ta tafiya har na'urar ta mutu ta barshi. Babban dalilin ma shine sa'anta ne. An ƙera shi a zamanin da aka ƙera madabod ɗinka, ƙwayoyin da ke jikinsa, baƙaƙen abubuwan nan masu kusurwa huɗu da ke riƙe bayanai, irin waɗanda ta iya karantawa ne, nan kam da tsohuwar zuma ake magani. Sunayen da zaka nema sune na masu ƙera ƙwayoyin da kansu, Samsung, Hynix wanda ya koma SK hynix a 2012, Micron, Nanya. Zakaga kuma Elpida da Qimonda, kar sunan ya baka tsoro dan baka jinsu yanzu, manyan kamfanoni ne a lokacinsu, Qimonda na Jamus ya durƙushe a 2009, Elpida na Japan ya karye a 2012 Micron ya siye shi a 2013. Irin waɗannan korayen marasa kwalliya sune masu haɗa kwamfutoci suke sakawa tun daga masana'anta, an yi su ne su bi ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin ram, sak, ba wani saiti da suke buƙata, ka saka ka kunna.

Aibinsa kuma a fili yake, ba waranti, baka san daga ina ya fito ba, wataƙila na'urar da aka cire shi ruwa ne ya kashe ta ko wuta. Dan haka sai ka duba da idonka. 'Yar gogewa a haƙora ba komai bace, alamar an saka an cire ne. Amma baƙi baƙi kamar ƙuna, ko kore kore na tsatsa, ko ɗaya daga cikin 'yan mitsi mitsin abubuwan nan na kusa da haƙora ya ɓalle, ajiye shi. Sannan ka haɗa sunan sitika da sunan da ke jikin baƙaƙen ƙwayoyin, in sitika tace Samsung ƙwayoyin su ma Samsung ko SEC ya kamata su nuna, in sitika tace Hynix ƙwaya tace wani abu daban to sitikar aro ce. Kuma duk wanda bazai yarda ka gwada a gabansa ko ka dawo dashi in bai yi ba, bar masa kayansa komai arharsa.

Sai sabo a kwali na kamfanin da aka sani, irinsu Kingston, Crucial, Corsair, ADATA, Transcend. Abinda kake biya anan kwanciyar hankali ne. Da yawansu suna bada waranti mai tsawo sosai, wasu ma na tsawon rayuwar kayan, kuma a shafukan wasunsu zaka iya saka sunan kwamfutarka su nuna maka wanda ya dace da ita. In na'urarka DDR4 ce, ko kuma da ita kake cin abinci yadda in ta tsaya kwana biyu asarar ta fi kuɗin ram ɗin, to wannan hanyar ba laifi ko kaɗan. Matsalarsa biyu ce. Ta ɗaya kuɗi, mutane suna ɗauka tsohon zubi dole yafi arha, ba haka abin yake ba a sabo, tunda manyan masana'antu sun juya wa tsohon zubi baya sun koma kan sabbi, wanda ya rage a kwali wani lokacin sai yafi na zamani tsada in ka lissafa giga da giga. Ta biyu kuma itace wadda ta cije ni.

Wata tsohuwar laftof ce gareni mai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Intel Core i5 zubin farko, irin na 2010, ram ɗinta guda biyu, 2GB da 2GB. Naje na siyo sabon 4GB DDR3 dal a ledarsa, zubi daidai, bolt daidai, ya shiga ya zauna, na kunna shiru. Na cire na goge na mayar shiru. Har na fara zagin mai kayan a zuciyata, sai na gwada shi a wata laftof ɗin da ta fi tawa sabunta, ya tashi fes. Ashe laifina ne, ban kula da ɗan rubutun nan na tsakiya ba. Sabon da na siyo 1Rx8 ne, ƙwaya 8 kacal a jikinsa kowacce babba, ita kuwa na'urar tawa 4GB ɗin da ta sani shine 2Rx8 mai ƙwaya 16, takwas gaba takwas baya, kowacce ƙarama. Duka 4GB ne amma yadda aka rarraba shi daban, kuma tsofaffin na'urori irin na zamanin Core 2 Duo da Core i na farko da yawansu basa iya karanta manyan ƙwayoyin. Wata zata ƙi tashi gaba ɗaya, wata ta tashi ta nuna maka rabi, wata ta tashi ta dinga faɗuwa. Sabon DDR3 ɗin da aka ƙera a baya bayan nan kuwa kusan duk manyan ƙwayoyin ake saka masa dan sune suka fi sauƙin samu. Dan haka in na'urarka ta 2010 ce zuwa ƙasa, kirga ƙwayoyin da yatsa, 4GB mai 16 kake nema, kuma a na hannu zaka fi samunsa.

Na uku shine sabo mara suna, ko mai sunan da baka taɓa ji ba, wanda ya cika kasuwannin intanet. Kwali mai sheƙi, wani har da gwangwani mai kala a jikinsa, kuɗi ƙasa. Bazan ce duk basa aiki ba, ƙarya ne, da yawa suna aiki. Amma ka sani "sabo" ɗin nan sau da yawa allon ne da sitikar kaɗai, ƙwayoyin tsofaffi ne da aka ɓamɓaro daga wasu ram ɗin aka sake liƙawa, wani lokacin a goge sunan asali a buga wani. Kaga kenan na hannu ka siya amma wanda ya sha wuta sau biyu kuma baka san asalinsa ba. Guda biyu masu sitika iri ɗaya ka buɗe CPU-Z kaga cikinsu ba ɗaya ba. In kwamfutar ta kallon bidiyo ce da yara ke wasa da ita kuma mai siyarwar yana karɓar mayarwa, bismillah gwada sa'arka. In ta aiki ce, araha bata ado. Tsakanin wannan da Hynix na hannu mai shekara goma sha, ni Hynix ɗin zan ɗauka ido rufe.

Akwai wata arhar ma da ta fi wannan kama mutane, ram ɗin saba, wato manyan kwamfutocin nan na kamfanoni da ke riƙe bayanai. Idan suka sauya injina sai su zubo ram ɗinsu kasuwa tuli, sai kaga 8GB ko 16GB DDR3 na Samsung na asali a arha, tsayi ɗaya, haƙora 240, ya shiga gurbin desktof ɗinka lafiya lau amma har abada bazai tashi ba. Harafin ƙarshe zaka duba, in kaga R kamar PC3-10600R ko PC3L-12800R to na saba ne, yana da wata ƙarin ƙwaya a tsakiya da madabod ɗin gida bai san da zamanta ba. F a DDR2 kamar PC2-5300F shima haka, E kuma mai gyara kuskure ne wanda wasu madabod ke ɗauka wasu basa ɗauka, in ba littafin na'urarka ne yace tana so ba kyale shi. U kake nema a desktof. A DDR2 kuma akwai wasu 4GB masu arha da ake rubuta wa AMD only, ba wasa suke ba, in naka Intel ne bazai yi ba.

Su kuma na 'yan gem masu fukafukai da fitilu, a tsohuwar kwamfutar ofis asarar kuɗi ne. Gudun da aka rubuta a kwalinsu sai an kunna saitin ƙarin gudu mai suna XMP a BIOS, shafin saitin madabod, yake fitowa, kuma yawancin desktof ɗin ofis da laftof basu da wannan saitin ma, sai ram ɗin ya koma gudun ƙasa kamar kowa. Wasu DDR3 ɗin irin wannan har bolt 1.65 suke nema kafin su kai gudun nasu, ga tsayi, a ƙaramin akwati wani murfi ma bazai rufu ba.

Mu koma kan L ɗin nan. DDR3 na asali bolt 1.5 yake ci, DDR3L 1.35, amma tsaga ɗaya haƙora ɗaya, ba abinda zai hana ka saka wannan a gurbin wancan. Laftof masu Intel zubi na 4, waɗanda suka fara fitowa a 2013, lambar firosesarsu tana farawa da 4 kamar i5-4200U ko i5-4300M, su 1.35 suke bayarwa, in ka saka musu PC3 mara L yawanci basa tashi, in sun tashi ma ba tabbas. Haka na zubi na 5, da kuma 'yan zubi na 6 da suka zo da gurbin DDR3L maimakon DDR4. Shi kuwa DDR3L yana iya aiki a 1.35 yana iya aiki a 1.5, dan haka a na'urorin 2011 da 2012 shima yana zama lafiya. Kaga in ka rasa tabbas tsakanin biyun PC3L ne mai fuska biyu, shi zaka ɗauka, in dai ba na'urar can baya bace mai maganar ƙwaya 16. Desktof na zubi na 4 basu da wannan fitinar, suna cin 1.5 ɗinsu.

Gudu kuwa kar ya ɗaga maka hankali. In ka saka 1600 a na'urar da iyakarta 1333 yawanci zai sauko ne kawai ya bi ta, in ka haɗa 1333 da 1600 duka zasu tafi a gudun na ƙasan. Kuma bambancin ba wani abin azo a gani bane, 1333 mai CL9 da 1600 mai CL11, CL ɗin lambar jira ce kafin ram ya amsa, in ka lissafa jinkirinsu kusan ɗaya ne, wajen nanosakan 13 da rabi, a buɗe burauza da rubutu a Word ba mai iya gane wanne ne a ciki. Kar ka ƙara kuɗi dan gudu, ƙara dan giga.

To guda ɗaya babba ko biyu ƙanana? Ace kana da 4 a ciki da gurbi ɗaya a buɗe. In ka ƙara 4 ka samu 8 kuma su biyun zasu yi aiki a layi biyu lokaci ɗaya, wannan yana taimakawa sosai in na'urar bata da katin hoto nata daban, dan ɓangaren hoton da ke cikin firosesa daga ram ɗin yake ɗiba, a gem da bidiyo zakaji bambanci. In ka cire 4 ɗin ka saka 8 guda ɗaya, 8 ɗin dai ka samu kamar wancan amma a layi ɗaya, ka kashe kuɗi fiye kuma ka ajiye lafiyayyen ram a durowa, ban ga hikimar ba. In kuma ka bar 4 ɗin ka ƙara 8 ya zama 12, mutane da yawa suna cewa haramun ne sai sun zama iri ɗaya, ba gaskiya bane, Intel sun daɗe da tsarin da 8 na farko zai tafi a layi biyu ragowar 4 ɗin a layi ɗaya, kuma 12 ɗin nan yafi 8 amfani ga mai buɗe shafuka ashirin. Haɗa kamfani biyu ma yawanci yana yi, abinda zaka kiyaye shine zubi da bolt, in ka samu mai tsari iri ɗaya da naka, 2Rx8 da 2Rx8, yafi. A desktof mai gurbi huɗu in biyu zaka saka ba kusa da kusa ake jera su ba yawanci, masu kala ɗaya zaka bi ko ka duba lambobin da ke jikin madabod ɗin.

Kowace na'ura kuma da iyakar cikinta. 'Yan ƙananan laftof ɗin nan masu firosesa Atom N270 ko N450 2GB ne ƙarshensu ko me zaka yi. Masu cifset 945, wato ƙwayar madabod da ke kula da ram, na wajen 2006 ko ka saka 4GB, uku da 'yan kai zasu nuna maka. Core i zubin farko mai gurbi biyu 8 ne, 4 da 4. Daga zubi na 2 na 2011 abin ya buɗe, da yawansu suna ɗaukar 8 da 8 ko da takardar kamfanin tace 8 ne iyaka, dan lokacin da aka rubuta takardar 8GB guda ɗaya bai yawaita ba. MacBook Pro na 2011 da na 2012 wanda ba Retina ba misali ne, Apple yace 8 amma suna ɗaukar 16. Retina ɗin kuwa tun daga 2012 a liƙe ram ɗinsu yake da madabod, haka MacBook Air, haka siraran laftof da yawa na wasu kamfanonin, waɗannan ba maganar ƙari sam, wasu kuma rabi a liƙe rabi gurbi ɗaya. Ka duba kafin ka siya, kuma kar ka yarda da Task Manager ɗari bisa ɗari in yace akwai gurbi a buɗe, wani lokacin yana kirga gurbin da ba'a saka shi a jikin allon ba, buɗe murfin ka gani da idonka. Windows ɗin kansa ma yana da tashi iyakar, in 32-bit ne bazai yi amfani da fiye da 3 da wani abu ba ko ka zuba masa 16, sai ka sake saka 64-bit, Windows 7 Starter kuwa 2GB aka ƙayyade masa.

Nawa ya isa? A yau 4GB kwamfuta zata tashi amma burauza kaɗai zata cinye shi, 8 shine inda mutum yake fara numfashi, 16 na mai gyaran hoto da bidiyo ne ko mai tara shafuka. Daga 4 zuwa 8 zakaji kamar an canza maka na'ura, daga 8 zuwa 16 in aikinka rubutu ne da kallo ƙila ma baka lura ba.

Amma fa ka yi lissafin shekarun da suka rage mata. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana neman Intel zubi na 8 zuwa sama da tsarin tsaro na TPM 2.0, wato kusan duk na'urar da ke cin DDR3 an barta a tasha. Wannan ba yana nufin ta mutu ba, Linux Mint ko Lubuntu da ake sakawa a maimakon Windows zasu tafi da ita shekaru, amma dalili ne da zai sa kar ka narka mata kuɗin sabon ram mai waranti na har abada alhali ita kanta bata da har abadan. Masu DDR2 kam abin ya fi haka, 2GB guda guda na hannu suna nan birjik, ka cike ta zuwa 4 ka tsaya, dan 4GB guda ɗaya na DDR2 musamman na laftof ƙalilan aka yi, tsadarsa zata iya tasam ma kuɗin wata laftof ɗin ta hannu da ta fi taka, kwalliya bazata biya kuɗin sabulu ba.

In ni ne dai, DDR2 da DDR3 na 2010 zuwa ƙasa na hannu kawai, mai ƙwaya 16 in 4GB ne. Na 2011 zuwa 2015 PC3L-12800 na hannu daga Samsung ko Hynix ko Micron, in ban samu wanda na yarda dashi ba sai in koma sabo na kamfanin da aka sani. DDR4 kuma tunda na'urar tana da sauran tafiya, in bambancin kuɗin ba yawa sai in ɗau mai waranti.

Wajen sakawa ka cire caja, ka cire batir in mai ciruwa ne, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan sakanni wutar da ta rage ta fita, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa ram ɗin kuma ka riƙe shi ta gefe banda haƙora. Na laftof a karkace yake shiga, ka tura shi ciki sosai har zinaren ya kusa ɓacewa sannan ka kwantar dashi ya ce ƙas. Na desktof tsaye yake shiga kuma yana son dannawa fiye da yadda kake zato. In ka kunna tayi jim bata nuna komai ba ka bata kamar minti ɗaya, wasu suna tsayawa su gane sabon ram ɗin a tashin farko.

Kuma tashi ba shine shaidar lafiya ba, ram mai ciwo yana iya tashi ya nuna gigarsa cif ya kuma dinga lalata maka fayil a ɓoye. Ka saka manhajar gwajin ram, MemTest86 ko Memtest86+, a filashi ka tada kwamfutar dashi ka barshi ya kwana yana zagaye, in baka da filashi ka rubuta mdsched a Windows shima yana gwadawa duk da bai kai su tsanani ba. Kuskure ko guda ɗaya ya fito, ka sake gwada ram ɗin shi kaɗai a ɗaya gurbin dan ka tabbatar ba gurbin bane, in ya sake fitowa mayar masa da abinsa tun kwanakin mayarwa basu ƙare ba. Tsohon da ka cire kuma in lafiyarsa ƙalau kar ka yar, nannaɗe shi a ledar da sabon ya zo ciki ka ajiye, ranar da kwamfutar ta sake yin baƙin sikirin dashi zaka gane ko ram ne ko madabod.